Sunan Da Goni Ya Faɗa

Goni Bahauddeen bai taɓa cin albashin gwamnati ba. Ganyen shayi da dabino yake sayarwa a Kasuwar Singa, a shagon da ya gada wurin mahaifinsa, wanda ya taso daga Borno ya zauna a Fagge tun kafin a haife shi. Bakinsa ne ya jefa shi cikin maganar direbobin nan. Yana jin Barbarci, yana jin Larabcin Shuwa, yana kuma ɗan taɓa Faransanci saboda shekarun da ya yi yana fatauci a ƙetaren iyaka.

Su tara ne, har da makanikensu. Sun yi lodin taliya da sabulu da man girki a Singa, suka tsallaka zuwa wata ƙasa maƙwabciya, sai wasu 'yan tawaye da ke riƙe da wani yanki na hamada suka tare su, suka wuce da su da motocin. Ba kuɗi suka nema ba. Akwai mutanensu uku da aka kama a wannan ɓangaren, su suke so a sakar musu.

Gwamnati ta kafa kwamiti, ta ba wani tsohon jakada, Ambasada Nurudeen, shugabanci. Da aka bincika, mutumin da 'yan tawayen suka wakilta ya yi magana da bakinsu wani Abdulmalik ne, dillalin dabino da Goni ya sha sayen kaya a hannunsa shekarun baya. Shugaban ƙungiyar direbobi ya ambaci sunan Goni, aka aiko mota har Fagge. Goni ya ce tafinta kawai zai yi, na ɗan lokaci. Ɗan lokacin nan ya cinye sanyi, ya cinye azumi, ya shiga bazara.

Duk Juma'a bayan la'asar Abdulmalik yake kira. Goni ya ji ta bakinsa, ya kai wa Ambasada, Ambasada ya kai Abuja, abin da Abuja ta ce ya biyo hanyar da ya bi ya koma hamada. A hankali aka daidaita. Za a saki ukun, su saki taran, wata ƙungiyar agaji ta tsaya a tsakani. Sa hannun mutum ɗaya ya rage. Sai aka yi zaɓe, jam'iyyar da ke mulki ta faɗi, kowa a Abuja ya shiga kwashe kayansa. Aka ce a bari sai an miƙa mulki. Aka miƙa mulki, aka rushe dukkan kwamitoci, aka kira jakadu gida. Ministoci kuwa ba a naɗa ba tukuna, ba wanda ya san ranar naɗa su.

Abdulmalik bai daina kira ba.

"Ya Goni, ina aka kwana?"

"Ana kan magana."

"Da wa?"

Sai Goni ya tambaye shi lafiyar yaran, ya tambaye shi ko an yi ruwa a wajensu, ya ja hirar har katin wayar Abdulmalik ya kusa ƙarewa. Idan ya ajiye wayar ya daɗe zaune a kan buhun dabino yana kallon masu baro suna cacar baki a kan hanya.

Matan direbobin ba su san Abuja ba, shagonsa suka sani. Biyu daga cikinsu ba sa fashi. Ɗaya Kafayat ce, matar Raji, babba a cikin direbobin. Iyayenta mutanen Ogbomosho ne, amma a Fagge aka haife ta, gidansu da na Goni katanga ɗaya ce ta raba. Ita da Falmata matar Goni tare suke zuwa suna da biki, tare suka yi renon 'ya'yansu. Kowa Iya Fareedah yake ce mata. Ɗayar kuma Peace ce, matar Chidiebere makanike, yarinya ƙarama mai sayar da kayan yara a Kasuwar Sabon Gari, tana goye da ɗan da ubansa bai gani ba. Kafin wannan abu ba su san juna ba. Yanzu tare suke zuwa, su zauna a benci ɗaya, Kafayat ta karɓi yaron ta ɗora a cinya.

"Baba Goni, an kira?"

"An kira, Iya Fareedah. Suna nan lafiya."

"To, Alhamdu lillahi. Maganin fa?"

Raji yana da ciwon suga. Sau biyu aka samu aka aika masa da magani ta hannun masu agaji, tun kwamiti yana nan. Tun da aka rushe shi ba wanda zai sa hannu a ba su izinin tsallakawa. Goni yakan ce ana ƙoƙari, ita kuma ta gyaɗa kai, don ita ma ta san iyakar ƙoƙarin.

Wata Juma'a, ruwan farko ya sauka da hantsi, kasuwar duk ta caɓe, Abdulmalik ya kira tun kafin lokacinsa. Muryarsa ba irin ta kullum ba ce.

"Manyanmu sun gaji, ya Goni. Akwai masu cewa an yaudare mu. Ni na tsaya musu, na ce sabuwar gwamnati ce, a nuna mata alheri ta gani. Sun yarda a saki mutum ɗaya."

Goni ya miƙe tsaye. "Allah ya saka. Wa za a saki?"

"Biyu ne ba su da lafiya. Dattijon nan mai suga, da makaniken. Ƙarfe ya yanke shi a ƙafa yana gyara mana mota, ƙafar ta kumbura har gwiwa, tana wari. Ku faɗi ɗaya."

"Ku sake su duka biyun mana."

"Ɗayan ma da ƙyar na samu. Kuma ba mu za mu zaɓa ba, kada gobe a ce mun riƙe wanda zai mutu da gangan. Daga wajenku sunan zai fito. Motar da za ta je bakin iyaka jibi za ta tashi. In ta tashi ba kowa, shi ke nan, ni ma bakina ya mutu a wurinsu."

Goni ya rufe shago ya nufi gidan su Ambasada Nurudeen. Shi ma ɗan Fagge ne, tun da aka sallame su ya dawo gidan yayansa yana hutawa. Ya same shi a soro cikin jallabiya, ya kwance agogo ya ajiye a gefe, ƙafafunsa cikin roba da ruwan ɗumi. Ya saurari Goni har ƙarshe bai katse shi ba.

"Malam Goni, wallahi yau ni da kai ɗaya muke. Motar ofis ma sun karɓe."

"Ranka ya daɗe, ko waya ce ka buga. Wani ya faɗi sunan, ni in isar."

Ambasada ya buga. A gaban Goni ya kira mutum huɗu. Na farko bai ɗauka ba. Na biyu ya ce shi riƙon ƙwarya yake yi, ba shi da hurumi. Na uku ya ce a rubuto. Na huɗun, wanda suka yi aiki tare shekara da shekaru, ya ce masa a matsayin aboki yana ba shi shawara ya cire hannunsa, don sababbin nan suna neman wanda za su ce ya yi ciniki da 'yan tawaye.

Ambasada ya ajiye wayar a kan tabarma.

"Ka ji da kunnenka. In na faɗi suna, gobe a ce da wane iko. In ɗayan ya mutu, ni ne. Kai kuwa ba wanda ya naɗa ka, ba wanda zai tuɓe ka."

"Ni ma ai akwai wanda zai tambaye ni."

"Na sani," in ji Ambasada. Ya sunkuyar da kai yana kallon ruwan. "Na sani, Malam Goni. Ka yafe mini."

Da ya koma gida ya gaya wa Falmata. Tana tsince shinkafa, ta tsaya cak.

"Alhaji, kada ka gaya musu. Ka faɗi wanda za ka faɗa, ka ce su can suka zaɓa."

"In yaran sun dawo ai za a ji."

"To a ji a lokacin. Yanzu da wane ido zan kalli Iya Fareedah?"

Goni ya san Raji tun Rajin yana yaron mota. Shi ya kai gawar mahaifin Goni maƙabarta a motar ubangidansa, bai karɓi ko na mai ba. Chidiebere kuwa sau ɗaya ya taɓa ganinsa, a gindin wata tirela, rabin jikinsa a ƙarƙashi.

Washegari da safe ya je wurin wani likita da ke da ɗan asibiti a Sabon Gari, ya kwatanta masa mutum biyun ba tare da ya faɗi suna ba. Likitan ya ce shi ba ya duba mara lafiyar da bai gani ba. Da Goni ya matsa, ya ce mai suga in yana kiyaye abinci zai iya ja, ko da yake zai yi masa ɓarna a hankali, a ido ko a ƙoda. Ƙafar da ta fara wari kuwa ba ta jira.

Daga nan bai koma kasuwa ba. Ya aika aka kira matan biyu gidansa. Falmata ta shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida ta shige ɗaki. Ya gaya musu komai yadda yake, da abin da Abdulmalik ya ce, da abin da likita ya ce, bai rage ba.

Peace ba ta jin Hausa sosai, amma ta gane. Ta durƙusa da goyonta ta kama gefen rigarsa.

"Baba, don Allah. Baba, bai ga yaronsa ba."

Kafayat ba ta motsa ba. Ta gyara mayafinta, ta dube shi.

"Baba Goni, shawara kake nema ko ka riga ka yanke?"

Sai ya ga ba amfanin ja mata rai.

"Na yanke, Iya Fareedah. Makaniken zan faɗa."

"To me ya sa ka kira ni?"

"Don kada ki ji a bakin wani."

Ta miƙe a hankali, ta dafa gwiwa. Ta kai hannu ta ɗaga Peace daga ƙasa, ta gyara mata zanin goyon da ya kwance. Sannan ta sa takalmanta ta fita, ba ta yi wa Falmata sallama ba.

Da yamma ya kira Abdulmalik ya faɗi sunan. Ƙungiyar direbobi ce ta ba da mota, wani nas ya bi su don Allah. Babu jami'i ko ɗaya a bakin iyaka, sai masu tsaron da suka sha yi musu tambayoyi kafin su bar su su wuce da shi. Aka kawo Chidiebere Kano a kwance a bayan mota. An yanke masa yatsu biyu da wani ɓangare na tafin ƙafar, amma ƙafar ta tsira. Jaridu suka buga cewa sabuwar gwamnati ta fara samun nasara.

Kafayat ta daina zuwa shago. 'Yarta Fareedah take aikowa duk Asabar, ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce Iya ta ce a tambaya ko an kira. In sun haɗu da Goni a lungu takan gaishe shi, gaisuwa cikakkiya, har da tambayar kasuwa, sannan ta wuce. Ƙofar da ke tsakanin gidajen biyu, wadda yara suka saba bi, aka sa mata sakata ta ɓangarensu.

Damina ta yi nisa kafin a naɗa ministoci. Bayan an naɗa, aka turo wata darakta daga ma'aikatar harkokin waje, Madam Philomena, ta sauka a wani otal a Sabon Gari ta aika a kira shi. Mace ce mai furfura a goshi, ta yi aiki a ƙasashe da yawa, Hausarta ta barikin soja ce inda ta girma. Ta cire tabarau ta murza idanunta kafin ta fara magana.

"Baba, ba zan ɓoye maka ba. Abin da aka daidaita lokacin tsohuwar gwamnati, waɗannan ba za su sa hannu a kai ba. Ba don ba shi da kyau ba. Don na waɗancan ne."

"To yaya za a yi, Madam?"

"Za mu sake ɗinka shi, ya fito kamar sabo. Ni ma wannan ce gwamnati ta biyar da nake yi wa haka."

Aka koma farko. Gwamnati ta ce ba za ta yi musaya da 'yan tawaye ba, sai dai ta yi wa fursunoni afuwa don jinƙai, in ya so su ma can su saki direbobi don jinƙai, kowa da ranarsa. Mutanen Abdulmalik suka ce afuwa ai mai laifi ake yi wa, su kuwa 'yan'uwansu ba su yi laifi ba. Kalmar nan kaɗai ta ci makonni. Goni yana zaune a ɗakin otal, waya a kunne, Madam Philomena a gefensa da biro, yana juya magana ɗaya daga Larabci zuwa Hausa, daga Hausa zuwa Larabci, har ya rasa wace ce ta fara fitowa daga bakin wa. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa za a mayar da kowa ga iyalinsa. Ba musaya, ba afuwa. Sai kuma rigimar wa zai fara saki. Sai ta wurin da za a haɗu. Sai ƙasar da abin ya faru a cikinta ta ce ba a sanar da ita yadda ya kamata ba, aka tura mata wakili ya ba ta haƙuri.

A cikin wannan jan ƙafa ne Madam Philomena ta samu aka tsallaka da maganin Raji. Da Goni ya tambayi Abdulmalik jikin dattijon, ya ce yana ci yana sha, sai dai yanzu wani ne yake riƙe masa hannu in zai fita alwala. Goni bai gaya wa Fareedah wannan ba. Ya ce mata maganin ya isa.

Shagon ya ja baya. Abokan cinikinsa na ƙauye suka koma wurin maƙwabcinsa, don sau da yawa in sun zo a rufe suke samunsa. Hawan jini ya kama shi. Falmata ta ce ya miƙa musu wayar su nemi wani tafintan. Ya gwada, Abdulmalik ya ce shi ba zai yi magana da muryar da bai sani ba.

Sai da aka fara girbin gero sannan aka sako su. An wuce da su Abuja tukuna, aka ɗinka musu fararen kaya iri ɗaya, aka ɗauke su hoto da minista. Madam Philomena ta kira Goni ta ce ta sa sunansa cikin waɗanda za a gayyata, an cire, ta sake sawa, an sake cirewa. Ya ce mata ba komai, dama gwiwarsa ba ta son doguwar tafiya. Ta ce, "Na gode, Baba," ta kashe.

Ranar da Raji ya iso Fagge lungun ya cika. Goni bai shiga cikin taron ba. Ya bari sai da aka kwana biyu, mutane suka ragu, sannan ya zaga ta ƙofar waje ya yi sallama da hantsi.

Raji yana zaune a kan kujerar roba a tsakar gida. Ya rame har wuyan rigar ya yi masa yawa. Ya juyo da fuskarsa wajen sallamar, amma idanun suka wuce Goni kaɗan, suka tsaya a kan katanga.

"Baba Goni ne? Muryar na gane. Matso kusa, inuwa kawai nake gani."

Goni ya ja kujera ya zauna. Suka gaisa, ya yi masa barka da arziki. Kafayat ta fito ta ajiye ruwa a gabansa, ta gaishe shi, ta koma bakin murhu ta ba su baya.

"Likita ya ce na dama ya tafi," in ji Raji. "Na hagu za su gwada. Tuƙi dai an gama."

"Allah ya sa kaffara ne."

"Amin." Raji ya gyara zama. "Abdulmalik ya gaya mana, ka sani. Ranar da motar za ta tashi ya zo ya ce Goni ya ce makanike. A gaban kowa ya faɗa."

"Haka aka yi. Ni na faɗa."

"Na zage ka ranar, Baba. Ban taɓa zagin babba ba, amma ranar na zage ka, na haɗa da gidanku. Yaran suna ba ni haƙuri." Ya shafa gwiwarsa. "Ni nake wanke masa ƙafar nan kullum, na san yadda take. Da ya ƙara sati da mun binne shi a can. Na san haka, kuma ban fasa zaginka ba har wata ya mutu."

Goni ya ɗauki kofin ruwan ya riƙe, bai sha ba.

"Ban ce ka yi daidai ba, ban ce ka yi kuskure ba," in ji Raji. "Na gaji da tunanin. Kai ma na ji muryarka ta tsufa."

"Ta tsufa, Raji."

Daga bakin murhu Kafayat ta ce wa mijinta, ba tare da ta juyo ba, "Alhaji, lokacin allurarka ya yi."

Goni ya miƙe ya ce zai koma. Raji ya miƙo hannu yana lalube, Goni ya kama. Hannun ba nauyi, kamar na yaro. Raji ya ce a gaida Hajiya Falmata, a ce mata yana marmarin shayinta, ko da yake yanzu ba suga za a sa masa ba.

Da ya fito, Fareedah ta biyo shi da gudu har bakin lungu, ta ce Iya ta ce gobe za a kai Baba asibitin ido, ba su san kowa a can ba, ko zai raka su. Ya ce ƙarfe nawa. Ta ce da sassafe, don layi. Ya ce Allah ya kai mu.

Ya tsaya a bakin titi, masu adaidaita sahu suna yi masa hon suna tambayar ko Singa zai je. Ya ɗaga musu hannu alamar a'a. Ya juya ya shiga gida, ya gaya wa Falmata saƙon Raji, ya ce kuma in wani ya zo nemansa a ce ya kwanta. Ko hula bai cire ba barci ya ɗauke shi, har azahar ta wuce, Falmata ta leƙo sau biyu ta ƙyale shi.